Me ya sa jabun zanen Corot ya fi na gaskiya yawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen zane-zane, ina shekara ta biyu. Malaminmu ya ambaci wani Bafaranshe mai suna Corot, ya ce ana barkwanci cewa zane dubu uku ya yi a rayuwarsa, amma dubu goma daga ciki suna Amurka. Da na duba a intanet sai na ga itatuwa ne kawai cikin hazo a bakin tafki, kusan duk iri ɗaya. Don Allah wane ne shi, me ya sa ake girmama shi haka, kuma akwai abin da irina zai koya daga wurinsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka uku ce a dunƙule: wane ne mutumin, me ya jawo masa jabu har haka, sai kuma wadda ka ɗan ɓoye saboda kunya, wato ko girman da ake ba shi bai wuce aikinsa ba. Idonka bai yaudare ka ba. Abin da intanet ta fara jefo maka iri ɗaya ne, wasu ma daga ciki wataƙila ba hannunsa ba ne. Sai dai rabin Corot ka gani. Ɗaya rabin, wanda mu masu riƙe burushi muke cire wa hula, ƙananan zane ne da ya yi a kan takarda yana saurayi, waɗanda shi kansa bai ɗauke su kayan nuna wa jama'a ba.

Ɗan kantin yadi

Cikakken sunansa Jean-Baptiste-Camille Corot, ana furta shi "Koro", harafin ƙarshe ba ya fita. An haife shi a Paris a watan Yulin 1796, ya rasu a can ranar 22 ga Fabrairun 1875. Labarin mai zanen da ke kwana da yunwa a ɗakin haya bai shafe shi ba. Mahaifiyarsa tana da shagon hulunan mata da kayan ado wanda matan masu hali ke zuwa, mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne da ke riƙe da lissafin shagon. An kai shi makaranta a garin Rouen, bai yi wani fice ba, aka dawo da shi aka danƙa wa 'yan kasuwar yadi ya koyi ciniki. A nan ya zauna yana auna yadi, zuciyarsa na wani wuri, har ya kai shekara 26.

Abin da ya kwance shi rasuwa ce. Ƙanwarsa ta rasu a 1821, sai iyayen suka mayar masa da kuɗin da suke ba ta, faran 1,500 a shekara, suka ce je ka yi zanenka. Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen komai. Mutumin da abincinsa da fentinsa ba su dogara da mai saye ba yana iya yin shekara ashirin yana zana abin da ya ga dama. Haka kuwa aka yi, sai da ya haura arba'in kafin cinikin kirki ya fara zuwa masa. Iyayen kuma sun sayi gida a 1817 a Ville-d'Avray, wani ƙauye a yammacin Paris mai tafkuna da itatuwa a bakinsu. Tafkin da ka yi ta gani a intanet, sau da yawa shi ne wannan, ko kuma tunaninsa.

Ubangidansa na farko, Michallon, sa'ansa ne, shekara ɗaya aka haife su. Ya koya masa ya fita waje ya zana abin da ke gabansa ba ƙari ba ragi, amma wata kaɗan suka yi tare ya rasu a 1822. Daga nan ya koma hannun Bertin, dattijo mai bin tsohuwar ƙa'ida. Su biyun almajiran Valenciennes ne, wanda ya rubuta littafi yana umartar masu zane su riƙa yin gajeren zanen gwaji a fili, cikin sauri, kafin rana ta gusa haske ya sauya.

A lokacin, zane a Faransa yana da martaba hawa-hawa kamar sarauta. A sama akwai zanen tarihi da labaran addini da tatsuniyoyin Girka, sai zanen fuskokin mutane, sannan can ƙasa-ƙasa zanen daji da sarari. Kasuwa kuma ɗaya ce tak, babban baje-kolin gwamnati da ake kira Salon, inda alƙalai ke tace wanda zai shiga. Mai zanen itatuwa da ke son a ɗauke shi da daraja dole ya kawo babban zane da aka gama a ɗaki, a goge shi sumul, a dasa wani labari a tsakiya. Zanen da aka yi a waje ana ganinsa kamar allon ɗan makaranta ne, a rubuta a wanke.

Gadar Narni sau biyu

A 1825 ya tafi Italiya, ya yi kusan shekara uku, ya dawo da zanen fenti wajen 150 ban da na fensir. Idan kana da data kaɗan, kada ka ɓata ta a kan tafkunan nan. Nemi zane biyu masu suna ɗaya, gadar Narni. Tsohuwar gada ce ta zamanin Rumawa da ta karye a kan kogin Nera, arewa da Roma.

Na farko ya yi shi a wurin a 1826, a kan takardar da faɗinta bai kai rabin mita ba, yanzu yana gidan tarihi na Louvre da ke Paris. Ka lura da gaban zanen: bai ma gama shi ba, shafe-shafen burushi ne kawai na gangaren ƙasa. Duk hankalinsa yana can tsakiya, inda rana ta bugi ƙafafun gadar, da yadda duwatsun nesa ke yin shuɗi-shuɗi suna narkewa cikin iska. Babu ganye ɗaya da aka zana shi ganye, amma kana jin zafin ranar a fatarka. Na biyun shi ne wanda ya gyara a ɗaki ya aika Salon na 1827, yana Ottawa a Kanada yanzu. A ciki ya share gangaren ya shimfiɗa hanya, ya dasa dogayen itatuwa a gefe, ya zaunar da makiyaya da dabbobinsu. Kyakkyawa ne, ba musu. Amma na farkon mutum ne ya tsaya a rana yana kallo, na biyun kuwa mutum ne ke tunanin abin da alƙalai za su ce.

Duk shekara nakan ɗora wa ɗalibaina waɗannan biyun gefe da gefe ban faɗa musu komai ba, in ce su zaɓa. 'Yan aji ɗaya kusan kullum na Ottawa suke ɗauka, su ce shi ne aka gama. Waɗanda suka taɓa fita da fenti suka sha rana sukan yi shiru a gaban ƙaramin. Su sun san wahalar da ke cikin samun launin dutsen da ke nesa daidai a shafa ɗaya.

Kuma ka tuna a wancan lokaci babu fentin matsawa irin na man goge baki, sai a 1841 wani Ba'amurke ya ƙirƙiro shi. A 'yan jakunkunan mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, a huda a matsa, ragowar ya bushe. Da wannan kayan ya yi aikin.

Ya sake komawa Italiya a 1834 da 1843. Tsakanin nan tsarin rayuwarsa bai sauya ba: da bazara ya bi ƙauyukan Faransa da dajin Fontainebleau yana zane a waje, da hunturu ya kulle kansa a ɗaki a Paris yana haɗa manyan zane na Salon. A 1830, da tarzomar juyin mulki ta tashi a Paris, shi dai ya fice ya je Chartres ya zana babbar majami'ar garin, da tulin duwatsun gini a gabanta. Siyasa ba ta taɓa zama abincinsa ba.

Wanda ya fara jawo masa ido sosai a Salon shi ne na 1835, Hajara a cikin jeji, wanda ke New York a yau. Labarin Nana Hajara da ɗanta ne lokacin da ruwa ya ƙare musu, amma yadda ya zo a littafin Kiristoci, har da siffar yaron da ta mala'ika a sama, abin da mu ba za mu zana ba. Na ambace shi ne don ka ga yadda dabarar take: labarin ɗan ƙarami ne a cikin zanen, lasisi ne kawai na shiga Salon, ainihin aikin duwatsu ne da sarari. Jejin ma na wanda bai taɓa taka hamada ba ne. Daga duwatsun Italiya da itatuwan Faransa ya harhaɗa shi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zai ce ai wannan wuri da sauran ni'ima.

Daga nan abubuwa suka fara tafiya sannu a hankali. Gwamnati ta sayi zanensa a 1840, aka ba shi lambar girma ta ƙasa a 1846 yana da shekara hamsin, har lokacin yana cin abinci a gidan iyayensa. Bai taɓa aure ba.

Hazon da ya kawo kuɗi

Wajen 1850 hannunsa ya sauya. Gefen abubuwa ya daina kaifi, ganye ya koma kamar hayaƙi, launuka suka taru a kan toka-toka mai ruwan azurfa da kore mai duhu, sai ɗan ɗigon ja a hular mai kwale-kwale. Ya fara sa wa zanensa suna "tunawa da wuri kaza", domin ba a gaban wurin yake yin su ba, daga ƙwaƙwalwa ne. Mafi shahara shi ne na tunawa da Mortefontaine, wani ƙauye a arewacin Paris, na 1864, da ke Louvre: babbar itaciya ta karkata a kan ruwa, mace da yara biyu suna tsinkar furanni a jikin wata siririya.

Masana sun kawo dalilai. Wasu sun ce hoton kyamara ne ya shige shi, domin kyamarar lokacin tana daɗewa kafin ta ɗauka, ganyen da iska ke kaɗawa sai ya fito a dushe. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, don a garin Arras ya yi aiki da abokai masu harkar hoto, ya yi zane fiye da sittin ta hanyar karce gilashi a wanke shi a takardar hoto. Wasu sun ce son da yake yi wa gidan wasan kwaikwayo da kiɗa ne, inda ake ganin daji a bayan labule cikin hasken fitila. Ni a ganina akwai na uku wanda ba a son faɗa: abin ya karɓu. A babban baje-kolin duniya na Paris a 1855 ya sami lambar yabo, sarki Napoleon na Uku ya sayi zanensa, daga nan dillalai suka yi masa layi. Birnin na cika da hayaniya da gine-gine, attajirai na son abin da za su rataya a falo ya sanyaya musu rai.

Wannan ciwo na san shi a jikina. Shekarun baya na yi wani zane na faɗuwar rana a bayan giginya, wani mai shagon kayan ado ya saya, bayan mako biyu ya dawo yana son guda biyar "irin wancan sak". Na yi, don akwai kuɗin makarantar yara. Na biyar ɗin ko kallon sama ban yi ba, hannu ne kawai ke tafiya. Saboda haka ba na yi wa Corot dariya. Mafi kyawun zanensa na hazo, irin na Mortefontaine, gwaninta ce ta gaske, kowane toka-toka a cikinsa an auna shi. Amma akwai da yawa da hannu ne kawai ya yi su.

Abin da ke nuna idonsa bai mutu ba shi ne aikin da ya yi wa kansa a shekarun nan. Hasumiyar agogon garin Douai da ya zana ta taga a 1871, yana da shekara 74, tana da tsabtar haske irin ta samartakarsa a Roma. Ga kuma zanen mata zaune a ɗakin aikinsa, irin mai shuɗiyar riga na 1874, waɗanda bai cika fitar da su ba, sai bayan ransa aka gane darajarsu.

Inda jabun ya fito

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne salon hazon yana da sauƙin kwaikwayo a ido. Duk wanda ya iya murza busasshen burushi zai fitar da itaciya mai hayaƙi, ya ɗiga ja, ya rubuta COROT da manyan baƙaƙe a kusurwa, don sa hannun nasa ma ba shi da wani lanƙwasa. Gwada yin jabun gadar Narni ka gani, a nan asiri ke tonuwa.

Na biyu shi ne halinsa. Mutum ne mai sakin hannu har ya wuce misali, Baba Corot ake ce masa. Lokacin da Jamusawa suka yi wa Paris ƙawanya a yaƙin 1870 ya ba da faran 20,000 don talakawan birnin. Abokinsa Daumier, mai zanen barkwanci, da idonsa ya fara mutuwa kuma haya ta gagare shi, Corot ya taimaka masa ya mallaki gidan da yake ciki a ƙauyen Valmondois. Da mai zane Millet ya rasu a Janairun 1875, shi ma Corot yana kwance ciwon ajali, ya aika wa matar Millet da faran 10,000. To wannan alherin ya bi shi har cikin ɗakin zane. Yana ba almajirai aron zanensa su kwafa. Wani ya kawo kwafin, ya ɗan taɓa masa nan da can, ya sa hannu don yaron ya samu ya sayar. Da odar ta yi yawa kuma mataimaka ke shimfiɗa zanen shi ya ƙarasa. Ka ga ke nan tsakanin na gaskiya da jabu akwai wani fili mai faɗi: wanda ya yi rabi, wanda ya taɓa, wanda ya sa wa hannu kawai.

Na uku kasuwar Amurka. Bayan rasuwarsa sababbin attajiran can suka buɗe aljihu, kowa na son Corot a bangonsa, ga teku tsakaninsu da waɗanda suka san hannunsa. Ko a Paris ma an sha mutane. A farkon shekarun 1880 an sayar wa marubuci Alexandre Dumas ƙarami wani zane a matsayin Corot, ashe na wani mai zane ne da ke raye, Trouillebert, an goge sunansa. Sai da maganar ta kai kotu. An kuma sami wani likita, Jousseaume, da ya tara guda 2,414, duk na bogi. Abin da ya ɗan tsayar da ɓarnar shi ne aikin abokinsa Alfred Robaut, wanda ya bi shi shekaru yana rubuta abin da ya gani a ɗakinsa, aka buga kundin a 1905. Har gobe shi ne madogara ta farko. Lissafin dubu goman dai barkwanci ne, kowa da adadin da yake faɗa, amma dubu ukun yana kusa da abin da ake ƙiyasta ya zana.

A nan zan tsaya a matsayina. Ni mai zane ne kuma malamin aji, tantance na gaskiya da jabu sana'a ce daban, ta masu bin tarihin hannun da zane ya bi da masu gwada fenti da ƙyalle a ɗakin bincike. Hoton waya ba ya yanke wannan hukunci, kuma toka-tokan Corot na cikin abin da allon waya ya fi ɓatawa.

Abin da za ka ɗauka

Kada ka kwaikwayi hazonsa. Kama da wane ba ta wane, kuma masu jabu sun riga ka. Abin ɗauka shi ne jerin da ya bar wa almajiransa a littattafan ajiyarsa: fara da siffa, sannan nauyin haske da duhu, launi ya biyo baya, gogewa ita ce ta ƙarshe. Nauyin haske da duhu nake so ka riƙe. Ma'anarsa, kafin ka tambayi kanka wane launi ne wancan bango, tambayi kanka ya fi sama duhu ko ya fi ta haske, kuma da nawa. Ɗalibanmu akasin haka suke yi. Sun haddace cewa sama shuɗiya ce, ganye kore, ƙasa ja, sai su shafa abin da suka haddace.

Mu kuwa Allah ya ba mu ajin da Corot zai yi kishi, wato hunturu. Idan hazo ya sauka a Disamba da Janairu, nesa da kusa suna rabuwa da kansu: kukar da ke gabanka baƙa ƙirin, ta bayanta toka, ta can gaba kamar inuwa a jikin farin ƙyalle. Nakan fita da ɗalibai da ƙarfe bakwai na safe, kowa da kwali uku da bai fi tafin hannu biyu ba, an shafe shi da farin fenti tun jiya ya bushe. Launi uku kawai nake bari, fari, baƙi da ruwan ƙasa. Minti talatin kowane kwali, in lokaci ya cika a ajiye ko an gama ko ba a gama ba. Ka kanne ido har sai ƙananan abubuwa sun ɓace, ka nemo wuri mafi duhu da wuri mafi haske ka fara sa su, sauran duk a tsakaninsu za su zauna. Kusan kowace shekara sai na kama wani ya ɓoyo shuɗi a aljihu zai shafa wa sama, alhali saman da ke kansa fara ce fat kamar an watsa gari.

Ka yi irin wannan guda hamsin kafin ka taɓa babban ƙyalle. Kada ka gyara su in ka koma ɗaki, kada ka sayar, ka rubuta rana da lokaci a baya ka jera a bango. Shi ma Corot haka ya yi da nasa, suna rataye a ɗakinsa yana ba matasa aro. Ta wannan hanya ya shiga jinin waɗanda suka zo bayansa: Pissarro ya rubuta kansa almajirin Corot a takardar Salon, Berthe Morisot ta yi karatu a hannunsa, duk da cewa da su da abokansu suka buɗe nasu baje-kolin a 1874 dattijon bai yi murna da abin ba.

Wasu ɗalibai kan tambaye ni ko zanen daji mafita ce ga mai gudun zana abu mai rai. Hukuncin wannan na malaman addini ne, su za ka tambaya. Ta fuskar sana'a dai zan ce maka ƙananan zanensa na Italiya da yawa babu mutum ko ɗaya a ciki, kuma ba su rasa komai ba. In ka yi hamsin ɗin nan, ɗauko na farko da na ƙarshe ka turo mini hotonsu, a ɗauka a inuwa, ba da fitilar waya ba.